Kilomita Ɗari Uku Tsakanina da Duwala

Laraba. Mile 2 Diobu, Fatakwal.
Aikin farko: juya albasa a rumfa kafin danshi ya kama ta.

Zuwa ga Sa'adiyya, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a busasshiyar zuciyata, uwar 'yata.

Uwar 'yata! Kwana uku ke nan da kika sauka a ɗakin Hajiya mahaifiyarki a Duwala, har yanzu sai in rubuta wannan kalma, in sake rubutawa. Shekara arba'in da ɗaya na yi kafin Allah ya ba ni, ga shi ya ba ni ina nesa.

Nesa ma na ce? Na duba a waya, na sake dubawa, kin san halina. Daga nan zuwa Duwala ta sama kilomita ɗari uku ne da 'yan kai. Da akwai jirgi kai tsaye, da ko awa ɗaya ba zan yi ba. Motar da ke kawo mini albasa daga Aliyero tana ninka wannan tafiya sau uku, har da ƙari. Hadarin da ya taso a kanku da safe, wataƙila shi ne yake zuba a kan kwanona yanzu. Ya Rabbi! Gajimare ya ƙetare, tsuntsu ya ƙetare, ni kaɗai aka tsare?

Laifina ne, farin watana. Da kika tafi gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, na kwantar da hankalina da takardar ECOWAS da nake shiga Kwatano da ita. Sai jiya mai sayar da tikiti ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce Kamaru ba ta cikin ƙungiyar, sai fasfo. Nawa ya mutu tun bara. A ofis an ce sabo sai bayan makonni, suna kuwa ranar Lahadi ne. Hanyar mota ma fasfon za a tambaya. Ni da nake rubuta komai, yaya aka yi wannan ya wuce ni?

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare ki a rumfata, kika leƙa littafina kika ce, Malam Falalu, har numfashinka rubutawa kake yi? Dariyarki ta fi ƙarar ruwan daɗi. Yau da za ki leƙa, kunya za ta kashe ni.

Roƙona ɗaya ne. Yayanki Bubayero ya ce zai yi wa yarinya huɗuba. Mutumin kirki ne, amma ki ce ya ba ni zuwa gobe. In ta yi shiru bayan wanka, ki kira ni, ki ɗora wayar a kunnenta na dama. Ina so muryar ubanta ta fara gaya mata sunanta, ko da murya ce mai yankewa.

Naki ne ni, yau da ranar da ƙasa za ta rufe idona, ba na kowa ba.
Falalu Indabawa.

Gobe, in Allah ya kai mu:
Ofishin fasfo, dangwala yatsa, ƙarfe bakwai.
Gaya wa Bubayero ya zaɓi rago mai lafiya.
Cajin waya ya cika.
Tambayi liman ko huɗuba ta waya ta halatta. In ya ce a'a, kada in yi gardama.