Abin da Ya Fi Sandar Ari Tsawo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Ni ne Gambo ɗan Ari, masunci, wanda ya taɓa riƙe sarautar Sarkin Ruwa a garinmu na gefen fadamar Baturiya, ƙasar Haɗeja. Ina faɗin wannan magana yau Laraba da hantsi, cikin watan Sha'aban na shekara ta 1356, a zauren gidana. Malam Shu'ibu limaminmu ne yake rubutawa, Fannami maƙwabcina yana zaune yana shaida. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina yana nan daram. Na fara da wannan ne don na san akwai masu cewa Gambo ya taɓu tun ranar da ya mayar da kifin da sai ƙarti uku suke iya ɗagawa cikin ruwa. To, su ji da kyau. Da hankalina na yi wancan, da hankalina kuma nake yin wannan wasiyya gare ku 'ya'yana, Ya'u da Bala da 'Yar'azumi.

Na ɗaya. Gonar shinkafa da awaki da jirgi, ba zan sa baki a kansu ba. Allah Ya riga Ya raba, alƙali zai karanta muku. Uwarku Hajja ta zauna a ɗakinta har ranar da ta ga dama, kada wanda ya ce za a yi mata gyaran zama. Homata ta kamun kifi da goran da nake hawa a ruwa na riga na ba Bala tun ina da ƙafa, Fannami ya gani. Ke 'Yar'azumi, wurin bandar kifi na bayan gida a hannunki yake, don ke kaɗai kike gane kifi ya ji hayaƙi ba tare da kin taɓa shi ba.

Na biyu. Tafkin Kolo ba ya cikin gado, domin ba nawa ba ne. Amana ce gari ya ɗora wa gidanmu tun kakanni. Kun san yadda yake: kogi ya cika ya malale fadama, ya ja, duk ƙananan ruwaye su ƙafe, shi kaɗai yake riƙe ruwa har damina ta zagayo. A nan manyan kifaye suke fakewa. Ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, duk gari ya shiga, kowa ya kama rabonsa, sai doka ɗaya. Akwai sandar kanya ta ubana Ari, tsawonta daga ƙasa zuwa ƙirjinsa. Duk kifin da aka ɗora masa ita ya fi ta tsawo, a mayar da shi ruwa da ransa. Wanda bai kai ba, a ci, a yi banda, a kai kasuwar Kafin Hausa, Allah Ya sa albarka.

Kada ku zaci na gaji dokar nan ina sonta. Shekarar da Ari ya rasu ina saurayi mai ji da ƙarfi, na soki wata giwar ruwa da ta fi sandar da kamu guda. Na san ta fi, don ban ma yarda an kawo sandar ba. Aka ɗauko ta bisa jaki har cikin Haɗeja, makaɗa suna bina, ina tafe ina baza riga kamar ni na haƙa kogin. Da mata suka farke cikinta sai ga ƙwai, ya cika ƙwarya biyu ya yi saura. Uwata ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta shiga ɗaki, ba ta ci ko loma ba. Shekara shida bayan nan ba mu ga giwar ruwa a Kolo ba sai 'yan ƙanana jefi-jefi. Wasu dattawa sun ce ambaliya ce ba ta yi kyau ba a shekarun. Wataƙila, Allah ne Masani. Ni dai na ga ƙwaryar nan, kuma har yau in na tuna ta kunya nake ji.

Na uku. Maganar Bature, ina so a rubuta ta yadda ta faru, don na ji ana faɗinta iri-iri a kasuwa.

Shekara huɗu ke nan wani Bature mai rangadi ya sauka a garinmu da sandar fatsa mai zare a naɗe. Ya ji labarin Mai Zobe, giwar ruwar da na kama sau biyu ina mayarwa, wadda na maƙala wa zoben tagulla na uwata a gefen kunne don a riƙa gane ta. Kai Ya'u kai ka ba tafintansa labarin, kai kuma ka tuƙa shi a jirgi zuwa zurfin da take kwanciya. Ba tonon asiri nake ba, kowa ya sani. Ta haɗiyi ƙugiyarsa da hantsi, suka yi ta ja har azahar. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, ya iya, kuma yana da haƙuri, hannunsa har jini ya yi bai saki ba. Da ya jawo ta bakin gaɓa ta gaji ta kwanta a gefe, sai tafinta ya ce Sarkin Ruwa ya shiga ya soke ta da mashi.

Na tambaya ko gidansa akwai yunwa. Tafinta ya yi dariya, ya ce Bature ba ci zai yi ba. Za a rataye ta a bishiya a auna nauyinta, ya tsaya kusa da ita a ɗauki hoto, a yanke kan a busar ya kai ƙasarsu ya kafa a bango. Naman kuwa a ba gari. Mutane suka fara murna da jin nama. Na ajiye mashi, na karɓi sandar Ari daga hannun Bala, na shiga ruwa har ƙugu. Na ɗora mata sandar a gaban kowa, ta fi ta da kamu ɗaya da rabi. Na cusa hannu a bakinta na zare ƙugiyar, na tallafe ta ina kaɗa mata ruwa har ta dawo hayyacinta, ta buge ni da wutsiya ta nutse. Na fito na miƙa wa Bature ƙugiyarsa da hannu biyu, don ba a koya mini rashin ladabi ba.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Aka kwance mini rawani a bainar jama'a, na yi wata uku ina ɗibar ƙasa a hanyar Malam Madori, a can ƙafafun nan suka fara ciwo. Waɗanda suka ci kifin Kolo shekara talatin a hannuna suka riƙa kau da kai in mun haɗu. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ban ba da haƙuri ba a lokacin, kuma kada wani ya je ya ba da haƙuri da sunana bayan na mutu. In aka mayar da ni ranar nan, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai wataƙila in fi sauri.

Na huɗu. Masu cewa tsafi ne, wai aljanar gidanmu ce a cikin kifin, ku gaya musu ban taɓa yanka mata ko kaza ba, ban taɓa roƙonta komai ba. Kifi ce, halal ce kamar kowace tarwaɗa. Ga Malam Shu'ibu nan yana murmushi, shi ma ya taɓa tambayata. Rubuta, Malam. Manomi ba ya dake irin da zai shuka don baƙo ya yaba masa tuwo, ni ma iyakar abin da na sani ke nan. In yunwa ta gaskiya ta zo, irin wadda yara ke kwana suna kuka har murya ta dishe, ku kama ta, ku yi bisimilla ku ci, ba ku da laifi a wurina. Amma ba don hoto ba, ba don kiɗa ba, ba don rawani ba.

Na biyar, kuma saboda shi na tara mutanen nan. Ya'u, na san ruwa ya fara ja, na san Baturen nan zai dawo da kaka. Na san an yi maka alkawarin rawanin da aka kwance mini in ka sa Mai Zobe ta hau bishiya. Kana jira ne in rufe ido don kada ka yi a gabana, kuma na gode da wannan kunyar. Na ji hujjarka ta bakin uwarka: wai kifi ɗaya ne, wai ta tsufa ko an bar ta mutuwa za ta yi, wai in sarauta ta dawo gida za ka fi iya kare tafkin. Ba wauta ka faɗa ba, ka fi ni iya magana tun kana ƙarami. Sai dai ka yi tunani. Ranar da Sarkin Ruwa ya soki abin da ya fi sanda don a naɗa shi, da wane baki zai hana Bala, ko ɗan Fannami, ko baƙon da ya zo daga Nguru da taru? Za ka sami rawani, tafkin kuma ya zama na duk mai dogon hannu. Ni na bi hanyar nan da makaɗa a bayana, na san inda take ɓullewa.

Na shida. Kai Bala, shekara huɗu ba ka ci a kwano ɗaya da yayanka ba, kana ce masa ɗan jirgin Bature. Ya isa haka. Ni aka kwance wa rawani, ni na ɗebi ƙasa, kuma na yafe masa tun ina can. Kada ka riƙe fushin da mai shi ya ajiye. Tsayawa a bayana da ka yi na ji daɗinsa, amma ka fara jin kanka da yawa, kuma ban manta ba kai ma idonka yana kan naman nan ranar. Gobe in Allah Ya kai mu ku zo ku ci tuwo a gabana, ina so in gani da idona. 'Yar'azumi, ke suke jin tsoro su duka biyun, ki tsaya a kansu.

Na bakwai. Sandar Ari. Kowa ya zaci Bala zan ba, shi ma ya zaci haka. Ba shi zan ba. Ya'u na ba, a gaban liman da shaida, kuma kada wanda ya karɓe ta daga hannunsa ko da me ya aikata. Sharaɗina ɗaya. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa, kada a yanko kara a auna ni don haƙar kabari kamar yadda aka saba. Ya'u, ka ɗauko sandar nan da hannunka ka ɗora mini, daga tafin ƙafa zuwa inda ta tsaya. Za ka ga na fi ta tsawo. Ka ƙarasa awon, ka kai wa masu haƙa, ku mayar da ni inda na fito. Sandar kuwa kada a bar ta a maƙabarta, ka koma da ita gida.

Bayan nan, in Bature ya zo ya ce ka shiga ruwa da mashi, ba na nan balle in hana ka. Kai ne da sandar da ka auna ubanka da ita, sai ka ga abin da hannunka zai iya.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, Ya cika fadama kowace shekara. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, kada a tsaga gidan nan da danga. Wanda na saɓa wa a garin nan ya yafe mini, ni na yafe wa kowa, har da tafinta. Na roƙi gafarar Ubangiji a kan zunubaina masu yawa, amma sakin Mai Zobe ba ya cikin abin da na tuba a kansa.

Malam, ɗiga aya. Fannami, miƙo sandar can a kira mini Ya'u.