Cizon Da Ba Na Fim Ba

Lahore, Talata

Zuwa ga 'yata Shagufta, malamar asibitin gobe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan zafin Multan bai gasa ki ba. Amminki na gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki aji uku ya yi, na ukun ma ta taga.

Albishirinki! Fim ɗinmu, "Ranar da Kaburbura Suka Yi Hamma", za a yi na biyu. Tun kina rarrafe ake cewa baɗi, sai yanzu. A na farkon ina cikin gawarwaki masu tafiya, na kwashi unguwa guda zuwa silima, ashe kunnena kaɗai ya fito. Yanzu darakta ya aiko neman tsofaffin gawarwakinsa, ni da aminina Feroz mai shayi. Da ya gan ni ya ce, "Barkat, kai ka rage wa mai kwalliya aiki." Ya kuma yi alkawarin ranar da za a gama ɗauka kyamara za ta tsaya a fuskata ni kaɗai.

Muna ɗauka a tsohon wurin gasa bulo, bayan gari. A labarin duniya ta tashi, duk wanda muka ciza ya zama irinmu. To wata karya da ke zaune a wurin ta ga sana'ar ta burge ta. Ta kama Feroz a kumatu yana kwance yana aikin mutuwa, ni kuma a ƙwauri da na je korarta. Darakta ya hana a ɗaure, wai jinin gaske ya fi na kwalba kyau. Kada ki damu, an kwana biyu da yin abin. Amminki ta cusa mana dakakken jan barkono da mai yadda aka saba, na yi ihun da ban taɓa yi wa kyamara ba. Dafin ya ƙone ƙurmus.

Ubanki, tauraro,
Barkat

Multan, Asabar

Abbuna abin girmamawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Ammi. Na karanta wasiƙarka, ban yi dariya ba.

Barkono ba ya ƙone komai sai naman mutum. Karen da ya faɗa wa mutane ba tsokana, ana ɗaukarsa mahaukaci ne har sai an tabbatar. Ciwon haukan kare yana kwanciya shiru a jiki, ranar da ya nuna kansa kuma babu likitan da ke da magani. Kafin ranar ne kawai allura ke aiki. Ku je asibiti yau, kai da Baffa Feroz, shi ma ya fi gaggawa tunda a fuska ne. Ka kuma bincika ina karyar take.

Don Allah, Abbu. Ni ban damu da ganin fuskarka a silima ba, na san ta.

'Yarka mai biyayya,
Shagufta

Lahore, Alhamis

'Yata,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta zo, na karanta wa Feroz. Ya ce, "Ka ce wa likitarka mu matattu ne, me allura za ta yi mana?" Na ce ai allurar a cibiya ake yi, ni kuma cibiyata ta ɓace cikin tumbi tun zamanin aurena. Muka yi dariya, muka bar shi sai an gama ɗauka.

An ga karyar a bakin ramin wuta, ta mutu, bakinta cike da ɓaraguzan bulo. Taunawa take yi.

Jiya da azahar aka tsaya hutu. Feroz tun safe yake cewa kansa na sarawa. Wata 'yar wasa ta miƙo masa ruwa a kofi. Yana kai shi baki sai wuyansa ya shaƙe, ya wurgar da kofin, ya ja baya da rarrafe yana wani irin kuka, ga kwalliyar gawa a fuskarsa. Mutane suka hau tafi. Darakta ya ce, "Kunna kyamara! Kun ga tsohon hannu!" Ni ma na tafa, Shagufta. Na ce, "Shege Feroz, za ka ƙwace mini ranata!"

Sai ya dube ni ya ce, "Barkat, ƙishi nake ji. Wallahi ƙishi nake ji."

Yana asibiti, a ɗaki shi kaɗai, an hana shiga. Matarsa ta tambayi likita yaushe za a sallame shi, likitan ya sunkuyar da kai.

Gobe ce ranar fuskata. Na nemi abin dariyar da zan rufe miki wasiƙa da shi, ban samu ba. Wurin cizon yana mini ƙaiƙayi. Amminki ta ce warkewa ce. Warkewa ce ko, 'yata?

Abbunki

Multan, Juma'a

Abbu, salamu alaikum. Na nemi izini, zan biyo motar Lahadi. Kada ka jira ni. Ka tafi yanzu, ko takalmi kada ka tsaya nema. Allah ya tsare mini kai.

Shagufta

Lahore, Asabar

'Yata,

Gaisuwa. Direban motar Multan ya kawo mini takardarki, ga tawa kuma zai koma miki da ita. Ya same ni na riga na je asibiti, tun jiya da safe. An gano cibiyar. Likita ya tambayi ranar cizon, na faɗa masa, ya rubuta, ya rufe littafinsa. Na ce, "Likita, ko zagina ne ka yi mana." Ya ce in dawo bayan kwana uku.

Mun binne Feroz ɗazu. Darakta ya ba wani fuskar tawa, na ce ya riƙe, kunnena ya ishi duniya.

Ga kofin ruwa a gabana. Na sha rabi kafin in fara rubutu, ya wuce lafiya. Amminki tana bakin ƙofa tana kallon maƙogwarona, wai shara take yi. Ragowar na ajiye sai kin iso, in sha a gabanki.

Ki zo da wuri.

Abbunki