Madubinku na Sama Ya Hana Ni Shuka

Zuwa ga Shugaban Aikin Gwajin Madubin Hangen Taurari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ranka ya daɗe, ni ne mai gonar nan ta Beli, a ƙasar Rogo, wadda kuka kafa babban farantin ƙarfe a cikinta. Sau uku ina aika saƙo, shiru kake ji, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na farko. Bayan girbin bara ma'aikatanka suka zo mini tare da mai unguwa. Suka ce za a harba ɗan ƙaramin tauraron ɗan Adam, bai fi akwatin rediyo ba, ɗauke da madubin da ke gyara kansa idan zafi ko sanyi ya lanƙwasa shi, a gwada shi kafin a sa irinsa a manyan na'urorin hangen taurari. Fili suke nema marar itatuwa, inda farantin zai riƙa karɓar saƙonsa. Abin ya burge ni, har na dinga ba da labari a kasuwa kamar ni na ƙera shi. Na ba da aro. A wurinmu aron gona na rani yana ƙarewa ne da ruwan shuka, kowa ya san haka, don haka ban nemi takarda ba.

Na biyu. Kuka zagaye gonar da shinge, kuka sa kwaɗo. Duk shekara shanun maƙwabcina Arɗo Buba ke shiga su ci kara su bar mini taki. Bana ko kofato bai taka ta ba. Na haɗiye wannan.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Yau kwana tara da ruwan shuka. Gyaɗar maƙwabta ta tsiro, tawa tana cikin buhu. Maiɗakina ta ɓare iri tuni, kullum sai ta dube ni, ni kuma in je in taɓa kwaɗon in dawo. Yanzu wai an ɗage harbawar. Ranka ya daɗe, damina fa ba za ta jira ku ba, kuma da gonar nan nake ciyar da gidana.

Ban ce ku tuge farantin ba, wallahi ina so aikin ya yi kyau. Ku bar shi a kusurwarsa, ku sakar mini sauran. Sannan ku turo wanda ya binne wayoyin lantarkinku ya nuna mini ta inda suka bi, domin ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan ɓalle kwaɗon in shiga da shanun huɗa. Ba na so garmata ta tsinke muku aikin shekaru.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya nuna muku abin da kuke nema a sama. Ya kuma kawo mini mutuminku kafin Asabar.

Wassalam.

Malam Sule Manomi,
Beli, Rogo.