Waɗanda Ba a Ƙirgawa

Abuja, watan Yuni

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar, ta saki? Yaya Baba da aikin gona? Ki gaishe mini da mutanen Yangoji.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba zan iya faɗa ba. Na faɗi jarrabawar ɓangaren masu ciki. Yadda ake yi, ana ba ɗalibi mace ɗaya, ya yi mata tambayoyi, ya duba ta, sannan ya yi wa manyan likitoci bayani. Tawa daga Kubwa take. Na tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce uku, na rubuta haihuwa uku. Da Dakta Farouk, mai jarraba mu, ya sake tambayarta a hankali, sai ga haihuwa bakwai. Huɗu sun koma, ita kuwa rayayyu kaɗai take ƙirgawa. Mai haihuwa bakwai ana yi mata tsoron zubar jini, dole a shirya mata tun da wuri. Ni ban shirya mata komai ba.

Abin haushin, a gida na girma, na san haka mata suke ƙirga. Sauri ne ya ci ni.

Saura dama ɗaya, a watan Agusta. In na sake faɗuwa zan maimaita shekarar gaba ɗaya. Kada ki faɗa wa Baba tukuna.

Taki,
Prudence

Abuja, watan Agusta

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da addu'a, da kuma gyaɗar da kika aiko.

An yi jarrabawar. Wannan karon wata manomiya aka ba ni daga wajen Kwali. Na tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce biyu. Na ja kujera na zauna, na bi ta shekara shekara: wa take goyo lokacin da suka sake gona, wa ya biyo shi, wa aka yaye da damina. Muka kai biyar. Da ta zo kan na uku ta kira sunansa, ta yi kuka. Na jira ta. Ƙararrawar cikar lokaci ta kaɗa ban gama auna cikin ba.

Dakta Farouk ya rage mini maki a kan haka, kuma da gaskiyarsa. Jiya aka liƙa sakamako. Na ci, da ƙyar. Yanzu kina iya faɗa wa Baba.

Mama, akwai wata magana. Kullum cewa nake ni ce ta biyu a wurinki. Tsakanina da Yaya Philip shekara takwas ne, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Zan zo gida ƙarshen wata. In akwai sunaye, ina so in san su.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Prudence