Guɗa a Tsakiyar Wa'azi

Daren Laraba, Ƙaura

Ni ne Babban Injiniyan Lasifika na Zamfara kaf, kuma yau an ci amanata.

Malam na tsakar wa'azi a ƙofar masallaci sai makirfo marar waya ya fara yankewa yana shuu. Na sake batir, na miƙe eriya, na janye risiba mai kamo muryar makirfon nesa da janareto, duk a banza. Can sai guɗar mace ta fashe a cikin lasifika, da kalangu a bayanta.

Nan na gane. Makirfon biyu ne, layinsu guda, ɗayan kuma Lawali, da muke kula da kayan masallaci tare, ya ba da shi haya gidan bikin da ke bayan masallaci, inda ake kiɗa a ɓoye tun da aka hana. Lawalin da muka yi karatun allo tare, muke cin tuwo kwano guda.

Da 'yan agaji suka taso, sai ya nuna ni. "Wallahi Mudi ne, Malam. Kun san shi da kwaikwayon muryar mata."

Malam ya murɗe mini kunne gaban jama'a, ya ce kar in sake taɓa kayan masallaci. Ban tona ba, don bikin na ɗiyar gwaggona ne, kuma Lawali ya san da haka kafin ya buɗe baki.

To, babu wani injiniya. Mudi ne mai naɗe waya, da kunne a kumbure. Duk tsiyar da na shuka a garin nan na sha da ita, sai wadda ban yi ba.