Sati Uku a Janairu

Kassel, 4 ga Maris

Torben,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kuma ba burodi da cuku kaɗai kake ci ba a ɗan ɗakin nan naka.

Harajin bara ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akantanmu Pohlmann ya ce ko da yake mun raba gida tun Oktoban bara waccan, muna iya cike takarda ɗaya a matsayin mata da miji, saboda sati ukun da ka dawo a Janairun bara. Wai yunƙurin sulhu ma zaman aure ne a idon doka, in dai da gaske aka yi shi. Za a maido maka kusan yuro dubu huɗu, tunda kai ne mai albashin kirki.

Sharaɗin shi ne in rubuta da hannuna cewa da zuciya ɗaya muka gwada. Ban sha wuya ba. Har na zarce na sa yadda ka tsaya bakin ƙofa da akwati ka ce, "Gundi, da sauran miya?" Pohlmann ya ce in cire, ofishin haraji ba labarin soyayya suke nema ba. Abin bai ɗore ba, amma ina jin daɗin cewa ka taɓa dawowa don ni. Sa hannu inda na yi alama.

Taka har yanzu, a takarda dai,
Gundula

Göttingen, 11 ga Maris

Zuwa ga Gundula,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta kwana shida a aljihuna.

Kada ki aika da abin da kika rubuta. Gaskiyarki ce, ba tawa ba. A Disambar shekarar da muka rabu, wani abokin aikina ya ce mini a wurin cin abinci, "Kai wawa ne? Koma mata na ɗan lokaci bayan sabuwar shekara, ka tsira da kuɗinka." Na yi dariya. Sai kuma na shirya akwati.

Ranar da kika kira mahaifiyarki kina cewa, "Mama, ya dawo," ina cikin banɗaki, na buɗe famfo don kada in ji sauran. A sati na biyu na daina ƙirga kwanaki, na gyara miki injin ɗumama ɗaki, na fara son in zauna. Amma kullum kika zuba mini abinci, sai in ji kamar ɓarawo a teburin mai gida. Rigimar da na tayar kan mota, ƙirƙirarta na yi don in samu ƙofar fita. Shekara guda kina ganin laifinki ne, ni kuwa na yi shiru.

Kunya ta ishe ni. Ban sa hannu ba. Ki zaɓi kowa ya cike tasa takardar harajin. In kin yarda, ina so in zo mu yi magana, ba da akwati ba.

Ki yafe mini, in za ki iya.
Torben

Kassel, 15 ga Maris

Torben,

Na gaishe ka.

Na zaɓi kowa tasa. Akwai gurbin da ake tambayar ranar da muka rabu rabuwa ta dindindin. Da farko na sa 28 ga Janairu. Na soke, na rubuta 9 ga Oktoban da ya gabace shi. Pohlmann ya tambaye ni, "To, sati ukun fa?" Na ce baƙo na yi.

Kada ka zo.

Ka huta lafiya,
Gundula