Mariƙin Bindigar Baba

Daren Talata, unguwar Zahir

Na kasa barci, raina a jagule yake. Ko sati Baba bai yi a ƙasa ba, amma Yaya Usman har ya sauko da bindigarsa ta farauta, wai zai mayar da takardunta da sunansa.

Ina kwashe kwanukan masu ta'aziyya bayan la'asar ya tare ni a falo, ya miƙo min jawwal ɗinsa, wato wayarsa. Hotunan mariƙin bindiga ne jere, irin na roba da ake ɗaurawa bayan kunama.

"Rabi, zaɓar min. Baƙi ko ruwan ƙasa? Wannan yana da gurbin yatsu, ba ya santsi in hannu ya yi gumi."

Na ce, "Na Baba fa, me ya same shi?"

"Halas, ya gama aiki, katako ne, ya tsufa. Na kwance shi."

Ko kunyar Kawu Sale da ke zaune bai ji ba. Shekara da shekaru Baba na riƙe katakon nan in ya fita daji wajen Ɗa'if, har gurbin babban yatsansa ya lotsa yana sheƙi.

A kwandon shara na tsince shi, cikin ƙasusuwan kaza da ragowar shinkafa. Ina wankewa Umma ta shigo kicin. Ta karɓa, ta goge da gefen mayafinta, ta damƙe shi a hankali.

Ta ce, "Hannun Malam ya fi nawa girma." Ta wuce ɗaki da shi.